Waye zai riƙe maka kare idan kana doguwar tafiya a kan hanya? Ga yadda ake shirya abin

Duk wanda ya saka karensa a mota ya kama hanya ta watanni, ko direban dogon zango ne, ko mai aikin da yau yana nan gobe yana can, ko wanda ya mayar da motarsa ɗakin kwana yana yawon ganin duniya, toh akwai ranar da dole zai shiga wajen da ba a shiga da kare. Asibiti ne, ofishin biza ne, aiki ne na wuni guda, ko a kira ka daga gida ace kazo yanzu-yanzu kuma sai ta jirgi. Wanda yake zaune a gari ɗaya yana da maƙwabci ko ƙani da karen ya sani tun yana kwikwiyo, kai kuwa da kake kan hanya ba wanda ya sanka balle ya san karenka, shi yasa nake cewa ba ranar da buƙata ta taso ake fara neman mai riƙo ba. Aikin tun kafin a tada mota yake farawa, kuma rabinsa ma ba neman mutum bane, shirya karen ne da takardunsa yadda duk mutumin kirki zai yarda ya karɓe shi.

Mataki na farko: cire mota daga lissafi

Na fara da wannan ne saboda shine abin da yafi kashe karnukan matafiya, mutum yace ai minti ashirin ne kawai bari in barshi a ciki in ɗan sauke gilashi. A shekarar 2005 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun auna zafin cikin motocin da aka faka a rana, suka ga cikin awa ɗaya zafin yana ƙaruwa da wajen digiri 22 a ma'aunin Salshiyos, kuma kusan kashi 80 na ƙaruwar a minti 30 na farko yake faruwa, sannan ɗan sauke gilashin nan da ake yi bai canja komai na a zo a gani ba. Har a ranar da zafin waje digiri 22 ne kacal abin haka yake. Shi kuma kare baya gumi a jiki irin namu, da haki yake fitar da zafi, idan iskar da yake shaƙa ita kanta ta ɗau zafi toh hakin baya masa amfani. Zafin jikinsa na lafiya tsakanin 38 ne da 39 da ɗoriya, da ya haura 41 an shiga haɗari sosai, ƙoda da ƙwaƙwalwa suna iya taɓuwa. Masu gajeren hanci irin su jinsin buldog da pug, da tsofaffi, da masu ƙiba, su suka fi saurin faɗuwa.

Wasu zasu ce ai motata tana da esi mai aiki da batir, kuma na saka na'urar da take turo min zafin ciki ta waya. Yana da kyau, ni ma zan ce a saka, amma esi yana mutuwa, fiyus yana ƙonewa, inuwar da ka faka a ƙarƙashinta da safe da azahar ta gudu, kuma na'urar nan sai da sabis take turo saƙo. Ka ɗauke ta a matsayin taimako na ɗan shiga kanti ka fito a lokacin sanyi, ba mai riƙon wuni ba. Ga kuma ƙasashe da jihohi da dama da barin dabba a mota cikin zafi laifi ne a dokarsu.

Na biyu: takardu, tun kafin a tashi

Je wajen likitan dabbobi aƙalla wata guda kafin tafiya, ka faɗa masa gaskiyar tsawon tafiyar da yankunan da zaka bi. Duk gidan ajiye karnuka mai tsari abin da zai fara tambaya shine katin rigakafi, ba kati ba karɓa, ko da kuwa kana kuka a bakin ƙofa. Allurar ciwon haukan kare ita ce a gaba, sai haɗin nan da ake rubutawa DHPP ko DHP a kati, wanda ya ƙunshi rigakafin cututtukan karnuka masu yaɗuwa, wato distamfa da ciwon hanta da fabo. Sai kuma wadda mutane suka fi mantawa, ta tarin da karnuka ke ɗauka a wajen cunkoso, a kati zaka ga an rubuta Bordetella, sau da yawa ta hanci ake ɗiga ta. Wannan ita ke hana mutane samun waje, don gidaje da yawa basa karɓar karen da aka yiwa jiya-jiya, sai an ɗau kwanaki, wasu har sati biyu suke so. Ka tambayi likitan batun rigakafin cutar leftosfira ma idan zaku riƙa bin wajajen ruwa da bera.

A saka masa maikrocip. Ɗan abu ne kamar ƙwayar shinkafa da ake turawa ƙarƙashin fata wajen kafaɗa ko wuya, yana ɗauke da lamba 15 idan na ƙa'idar ISO 11784 da 11785 ne, kuma shi zaka nema don shi na'urorin yawancin ƙasashe ke karantawa. Amma a gane, baya nuna inda kare yake, lamba ce kawai da ake karantawa idan an tsince shi an kai asibiti, saboda haka idan lambar wayar da ka yi rajista da ita ta daina aiki toh cip ɗin bashi da amfani. Matafiyi yana yawan canja layi, don haka saka imel ɗinka da lambar wani ɗan'uwa da baya canja waya. A wuyansa kuma a rataya ƙarfe mai lambar da kake amfani da ita yanzu.

Maganin kaska da ƙuma da tsutsar ciki, rubuta ranar da aka bayar da ranar da za'a sake. Akwai yankunan da sauro ke yaɗa tsutsar zuciya, akwai inda wani ɗan ƙaramin ƙuda ke yaɗa lishmaniya kamar ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, likita ne zai faɗa maka abin da ya dace da hanyarka.

Duk takardun nan ka ɗauke su hoto ka ajiye a waya da imel, ka kuma buga kwafi biyu ko uku a takarda. Na asali yana wajenka kullum, kwafi kake bayarwa.

Na uku: koya wa karen zama ba kai

Nan ne nake ganin matafiya sun fi sakaci, kuma ba da gangan bane. Karen da yake tare da kai dare da rana a cikin ƴar mota, kuna ci tare kuna kwana tare, yana shaƙuwa da kai fiye da karen gida, toh ranar da ka miƙa igiyarsa ga baƙo ka juya baya sai ya rikice, ya ƙi cin abinci, yayi ta haushi da kuka, ya yi ta cizon ƙofa har bakinsa ya fashe, wani ma ya haura katanga ya bi hanyar da yaga ka bi. Wannan ba taurin kai bane, tsoro ne na gaske, kuma duka ko tsawa ƙara shi suke.

Fara da kaɗan. Ka barshi da wani da ka yarda da shi na minti goma ka dawo, gobe rabin awa, jibi awa biyu, ba tare da doguwar sallama ba kuma ba tare da shagali idan ka dawo ba, ka fita kamar ba komai ka dawo kamar ba komai, a hankali zai gane tafiyarka ba ɓata bace. Ka saba masa da keji tun yanzu, ka riƙa saka masa abinci a ciki ƙofa a buɗe har ya zama shi da kansa yake shiga ya kwanta, don kusan duk inda zaka kai shi, gidan ajiya ko asibiti, akwai lokacin da za'a rufe shi. Ka saba masa da takunkumi irin mai raga wanda zai iya haki da shan ruwa a ciki, ko da baya cizo, saboda wasu jiragen ruwa da jiragen ƙasa sai da shi. Ka bari wasu mutane su riƙa bashi abinci su saka masa igiya su taɓa ƙafarsa da kunnensa. Kuma ko da baka da inda zaka, lokaci-lokaci ka riƙa kai shi wajen renon wuni na ƴan awanni don kar sabon ya goge.

Idan namiji ne ba'a fiɗiye shi ba, ko karya ce da ba'a yi mata aikin hana haihuwa ba, ka sani wajaje da yawa da ake haɗa karnuka wasa basa karɓa. Karya tana shiga lokacin neman namiji kusan duk wata shida kuma abin yana ɗaukar sati biyu zuwa uku, ka riƙa lissafin lokacin don kar ya faɗo daidai ranar da zaka barta.

Na huɗu: wane irin riƙo kake buƙata

Ba duka ɗaya bane. Na ƴan awanni, akwai wajen renon wuni da ake kai kare da safe a ɗauko da yamma, akwai kuma wanda zai zo inda ka faka ya zauna da shi ko ya fita da shi yawo. Wasu wajajen yawon buɗe ido ma suna da nasu, misali a gandun Grand Canyon na Amurka ba a barin kare ya sauka cikin kwazazzabon, amma akwai gidan ajiye dabbobi a gefen kudu kuma suma sai ka nuna shaidar rigakafi.

Na kwana ɗaya zuwa sati biyu, zaɓi uku ne. Gidan ajiye karnuka mai ɗakuna da ma'aikata, shi yafi tsaro wajen guduwa amma akwai hayaniya, karen da bai saba ba yana wahala. Mutum mai karɓar kare a gidansa, ya fi kwanciyar hankali ga kare mai tsoro amma komai ya dogara da halin mutumin da ingancin katangarsa. Sai asibitin dabbobi mai ɗakin kwana, wanda ni shi zan zaɓa ga tsohon kare ko mai ciwon suga ko farfaɗiya da yake shan magani a kan lokaci, duk da dai yawanci ba'a cika fita da su wasa sosai ba.

Na wata ɗaya zuwa sama kuwa magana ce daban, wannan riƙo ne na gaske, ka nemi ɗan'uwa ko aboki ko wani da zai ɗauke shi kamar nasa, ko da zaka yi tuƙin kwana biyu ka kai shi. Kare ya yi wata uku a ɗakin siminti yana fita sau biyu a rana, gaskiya ban so, ko da wajen yana da tsafta. Kuma wani lokacin amsar ita ce wani ɓangaren tafiyar kar ka tafi da shi kwata-kwata, idan zaka ratsa yanki mai tsananin zafi ko ƙasashe masu wahalar shiga da dabba, ka barshi wajen amintacce ka dawo ka ɗauka.

Na biyar: inda ake nema

Hanya mafi kyau a garin da baka san kowa ba ita ce ka kira asibitin dabbobi na garin ka tambaye su wa suke turawa mutane. Su suke ganin karnukan da aka dawo da su da rauni ko gudawa daga wajen ajiya, sun san wajen kirki sun san na banza, kuma sau da yawa ma'aikatansu da kansu suna karɓar riƙo a gida bayan aiki, wanda samun irin wannan babbar sa'a ce. Masu horar da karnuka da masu yi musu wanka da aski suma sun san gari.

Sai manhajoji. Rover da aka kafa a 2011 a Amurka tana aiki a can da Kanada da ƙasashen Turai da dama, akwai Pawshake, akwai Mad Paws a Ostareliya, kana saka gari da rana sai ta nuno maka mutane da ra'ayoyin waɗanda suka taɓa basu kare. TrustedHousesitters kuma tsarinta shine mutum yazo ya zauna a gidanka ya kula da dabbarka, kaga kenan wanda motarsa ce gidansa ba lallai ta masa aiki ba sai dai in ya kama haya na wani lokaci. Wajen karanta ra'ayoyi kar ka tsaya a taurari, duba ko akwai mutanen da suka koma wajensa sau biyu sau uku, ka karanta mafi munin abin da aka rubuta da yadda ya amsa. Manhaja tana haɗa ka da mutum ne, bata ga bayan gidansa ba.

Akwai kuma ƴan'uwa matafiya. Idan kun faka waje ɗaya da wani mai kare kun kwana biyu kuna gaisawa karnukanku sun saba, ana yin musaya, yau ka riƙe nasa gobe ya riƙe naka, guruf-guruf na matafiya a Facebook ma ana samun haka. Yana da daɗi kuma ba kuɗi, amma na awanni ne, kuma ka ɗauki lambar motarsa da hoton katin shaidarsa, shi ma ka bashi naka, mutumin kirki bazai ji haushi ba.

Fara nema da sati biyu kafin ka isa garin, lokacin hutu da bukukuwa kuwa wata guda ko fiye don wajaje suna cika. Kuma kullum ka samu biyu, na farko da wanda zaka koma wa in na farkon ya fasa.

Na shida: je ka gani da idonka

Kar ka taɓa miƙa kare a bakin titi ko a wajen faka motoci ga wanda baka ga inda zai kwana ba. Duk wanda yace ba'a shiga ciki, ko ya yi ta kawo uzuri, toh ka gode masa ka wuce, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Idan ka shiga, hancinka zai fara faɗa maka, warin fitsari mai hawa kai alama ce ba'a wanki. Duba kwanukan ruwa ko akwai ruwa mai kyau a ciki yanzu da kake tsaye. Duba inuwa da iska, da inda zasu kwanta in ana sanyi. Bi katangar da ido tun daga farko har ƙarshe, ƙasanta ko akwai ramin da aka tona, samanta ko karenka zai iya haurawa, kuma ƙofar fita guda nawa ce tsakanin kare da titi, wajen da ya san aiki ƙofa biyu yake yi, a rufe ɗaya kafin a buɗe ɗaya. Kalli karnukan da suke wajen, haushi idan sun ga baƙo ba komai bane, amma kare ya maƙale a lungu yana rawar jiki ko suna tari ko ido yana ruwa, wannan ba daidai bane.

Sannan ka yi tambaya, kuma ka saurari yadda ake amsawa. Karnuka nawa kuke riƙewa a lokaci guda, mutum nawa ke kula da su? Da daddare akwai wanda yake kwana a nan? Awa nawa kare yake yi shi kaɗai? Kuna haɗa manya da ƙanana? In faɗa ya kaure ya kuke raba su? Wane asibiti kuke kaiwa in abu ya faru da tsakar dare, kuma da wace mota? Kare ya taɓa guduwa daga nan? Wanda yace maka bai taɓa samun matsala ko ɗaya ba a shekaru, ni hankalina baya kwanciya da shi kamar wanda zai ce eh ya taɓa faruwa ga abin da muka gyara. In gidan mutum ne ƙara da tambayar yara ƙanana, kyanwa, kaji, da masu shiga da fita da zasu iya barin ƙofa a buɗe.

Babbar alama kuma ita ce shi me ya tambaye ka. Mai riƙon kirki zai dame ka da tambaya, zai nemi katin rigakafi, zai tambayi ko yana cizo, me yake tsoro, me yake ci. Wanda bai nemi katin karenka ba, ka sani bai nemi na sauran ba, kuma da su naka zai kwana. A wasu ƙasashe sana'ar sai da lasisi, a Ingila misali tun 2018 duk mai ajiye karnuka don kuɗi, har wanda yake yi a gidansa, sai ƙaramar hukuma ta bashi lasisi da taurari daga 1 zuwa 5, toh inda ake da irin wannan ka nemi ganin takardar.

Kai ma ka faɗi gaskiya. Idan karenka ya taɓa cizon wani, ko yana faɗa kan abinci, ko yana bin kyanwa, ko ya iya buɗe ƙofa, faɗa. Ɓoyewa don a karɓa shi ke jawo a ji wa yaron mutane ciwo ko a rasa karen.

Na bakwai: gwaji, jaka da takardar bayani

In da hali a yi gwaji na rabin wuni ko kwana ɗaya kana garin, kafin ainihin ranar. A nan zaka ga ko ya ci abinci, da yadda yake yi idan ya sake ganin mutumin, karen da ya ji daɗin waje yana nunawa tun daga bakin ƙofa.

A jaka ka saka abincinsa da ya saba, wanda zai isa har da ƙarin kwana uku ko huɗu don tafiya tana iya tsawaita. Canja abinci farat ɗaya yana kawo gudawa, ana canjawa ne a hankali cikin kamar sati guda ana gaurayawa, kuma matafiyi ya fi kowa sanin cewa irin abincin da ya saya a wancan gari ba lallai ya samu a wannan ba. Sai maganinsa a cikin kwalinsa na asali, bargonsa ba tare da an wanke ba, da wata tsohuwar rigarka mai ƙanshin jikinka. Igiya mai ƙarfi da abin ɗaurin ƙirji wanda bazai iya zamewa ba. In kana da na'urar GPS ta wuya ka yi mata caji ka bada cajar, kwana biyun farko su ne lokacin da kare yafi gwada guduwa, kuma a garin da bai sani ba bashi da gidan da zai koma, don haka ka roƙi kar a sake shi ba igiya a waje ko da yana jin kira.

Takardar bayani shafi ɗaya ta isa: sunansa, shekaru, nauyi, lambar cip, awon abinci da lokaci, magani da awo, kalmomin da yake ji da yaren da yake jinsu, abin da yake tsoro kamar tsawa ko babur. Rubuta ƙarara cewa kar a bashi cakulan, inabi ɗanye ko busasshe, albasa, tafarnuwa, ƙashin da aka dafa, da cingam mai zailitol (wani sinadarin zaƙi da ake sakawa maimakon suga), kuma kar a bashi farasitamol ko ibufurofen na mutane komai ciwon da ake gani yana yi, a kira likita. Ga manyan karnuka masu zurfin ƙirji ƙara da cewa in ciki ya kumbura yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, a ruga asibiti a take, murɗewar ciki ce kuma awanni kaɗan take bayarwa.

Na takwas: a rubuta yarjejeniya

Ko da aboki ne. Ranar kawowa, ranar ɗauka, nawa ne, me kuɗin ya ƙunsa, in ka makara ya za'a yi. Mafi muhimmanci shine izinin kai shi asibiti a rubuce da sa hannunka, da iyakar kuɗin da za'a iya kashewa ba sai an same ka ba, da sunan mutum na biyu da zai yanke hukunci in wayarka bata shiga, don kai da kake hanya zaka iya yin wuni guda ba sabis. In kana da inshorar dabba duba ko tana aiki a ƙasar da kake. In riƙon na watanni ne a rubuta cewa karen naka ne, riƙo aka bayar ba kyauta ba, kuma cip ya zauna da sunanka, mutane suna shaƙuwa da kare kuma rigima tana tashi a nan. Kar ka biya duka kuɗin ga wanda baka gani ba ta intanet.

Ka nemi hoto ko ɗan bidiyo sau ɗaya a rana, ya isa, ba sai ka yi ta kira ba. Abin da kake son ji shine ya ci, ya sha, ya yi kashi lafiya. Rashin ci a ranar farko ana samu, in ya kai kwana biyu a kira likita.

Maganar boda

Wannan tana iya mayar da riƙon sati ya koma na watanni in ba'a lissafa ba. Shiga Tarayyar Turai sai an saka cip kafin allurar hauka, a jira kwana 21 bayan allurar farko, in kuma daga ƙasar da bata cikin jerin da suka amince da su kake, sai an ɗebi jini aƙalla kwana 30 bayan allura an gwada a ɗakin gwajin da suka yarda da shi, sannan a jira wata 3. Birtaniya da Ayalan da Finlan da Malta da Nowe suna son likita ya bada maganin tsutsa tsakanin awa 24 zuwa 120 kafin shiga. Amurka tun 1 ga Agusta 2024 bata karɓar karen da bai kai wata 6 ba, kuma sai da cip da fom na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar. Dokokin nan suna canjawa, duba shafin hukumar ƙasar da kanka kafin ka bar kare a wannan gefen kace zaka dawo ka tsallaka da shi, kuma kar allurar haukan ta ƙare yana hannun mai riƙo, in ta ƙare lissafin kwanakin daga farko yake komawa.

In kai ne abin ya samu

Ka yi hatsari ko ciwo ya kwantar da kai, karen yana mota ko yana wajen wani ba wanda ya sani. Saka kati a walat ɗinka kusa da lasisin tuƙi mai cewa ina da kare, ga inda yake, ga wanda za'a kira, ka manna irinsa a cikin mota inda za'a gani. Mutum ɗaya a gida ya riƙa sanin inda karen yake duk lokacin da ka bada shi.

Ranar ɗauka ka duba jikinsa a gaban mai riƙon, tafin ƙafa, kunne, ƙarƙashin wuya, ka nemi kaska ko rauni. Zai iya yin barci sosai kwana ɗaya ko biyu, ba komai. Kar ka cika masa ciki da ruwa da abinci yana cikin zumuɗi, bari ya natsu tukuna, kuma kar ka kama tuƙin awa goma a ranar. Tari busasshe yana iya fitowa har bayan sati ɗaya ko biyu, in ka ji toh ka nisanta shi da sauran karnuka, ka kira likita, ka kuma sanar da wajen da ya zauna. In mutumin ya riƙe amana ka rubuta masa ra'ayi mai kyau, ka ajiye lambarsa a waya da sunan garin a gaba, ka tambaye shi ko ya san wani irinsa a garin da zaka nufa, masu wannan aikin sun san junansu sosai.